TAFIYA TSIBIRIN PANYA: A TAMBAYI HANYAR FITA KAFIN A SHIGA

Wannan shi ne jawabin da wakilanmu na Bogobiri, Kalaba, suka gabatar gaban dattawa da iyayen yara a unguwar Wunti, cikin garin Bauchi. Mun buga shi kamar yadda aka faɗe shi, domin amfanin 'yan'uwa mazauna zango waɗanda ba su sami halarta ba.



Mai unguwa, malamanmu, dattawan Wunti, iyayenmu mata da ke sauraro daga cikin gida, 'yan kasuwa, da ku samari da kuka tsaitsaya daga baya, muna gaishe ku gaisuwar girma. Jama'ar Bogobiri baki ɗaya sun ce a gaishe ku, a kuma yi muku godiya saboda wannan zama da kuka yarda aka yi.

Kun san mu, mun san ku. Yawancinmu nan aka yanke mana cibi, tsakanin Ƙofar Wunti da bakin kasuwa. Neman abinci ne ya kai mu Kalaba, wani ya shekara ashirin, wani talatin, akwai ma waɗanda can aka haife su, sai da Salla suke ganin Bauchi. A cikinmu akwai mai canjin kuɗi, da mai tsire, da mai goro, da mai shanu. Ba mu saba tara manya mu yi musu dogon surutu ba, yau ma dole ce ta sa. Wanda ya san hanyar nan ta Jos, Lafiya, Makurɗi, Ogoja, Ikom, har zuwa Kalaba, ya san ba hanyar da mutum zai biyo don ya zo hira ba ce.

Ga abin da ya kawo mu. Watannin baya wasu samari uku 'yan unguwar nan suka bar gida. Ba za mu faɗi sunansu ba, iyayensu na zaune cikinmu. Wani dillali ne ya same su, ya nuna musu hoton wani ƙaton jirgin ruwa a cikin waya, fari fat, hawa kan hawa, irin wanda Turawa ke yawon shaƙatawa a ciki. Ya ce wai wannan jirgi yakan tsaya Kalaba ya ɗauki fasinja zuwa Malabo, a ci a sha a kwanta kan katifa, in an isa kuwa wanda ya ga dama ya sauka ya kama aiki wajen masu haƙar mai. Ya ce ba ruwan kowa da biza, tikitin jirgi shi ne komai. Ɗaya daga cikin yaran nan Keke Napep ɗin gidansu ya sayar. Wani kuma kuɗin da aka tara masa na aure ya ɗauka.

To jama'a, mu da muke kwana muke tashi kusa da tashar jiragen ruwan Kalaba, ba mu taɓa ganin irin wannan jirgi ya tsaya ya ɗauki ɗan Wunti ba. Abin da yaran suka tarar, wani jirgin katako ne mai inji a baya, a wani lungu na bakin ruwa, an loda masa jarkoki da buhuna, an ce sai dare ya raba za a tashi. Biyu suka tsorata suka ƙi shiga, suka yi ta tambaya har suka iso Bogobiri, ba kuɗi ba kaya. Na ukun ya shiga. Sai bayan wata biyu muka ji labarinsa ta bakin wani Bahaushe ɗan kasuwa da ke Malabo. Yaron na nan da ransa, alhamdu lillahi, amma yana kwance bayan shagon mutane, ba ya iya fitowa titi don ba shi da takardar shiga, ba ya kuma iya dawowa don wanda bai shiga bisa ƙa'ida ba, ba shi da abin da zai nuna a ƙofar fita.

INA NE PANYA?

Bari mu gaya wa samari inda ake maganar nan, don manya sun san sunan. Malabo shi ne babban garin wani tsibiri da ake kira Biyoko, a cikin ƙasar Ikwatoriyal Gini. Tsibiri kuwa ƙasa ce da ruwa ya kewaye ta ko'ina. Wannan yana can cikin teku kudu da Kalaba, kilomita 32 daga gaɓar Kamaru, da wani ƙaton dutse a kansa mai tsawon mita fiye da 3,000. Sunansa na da Fanando Po, sunan wani matuƙin jirgi ɗan Fotugal da ya isa can wajen 1472. A 1778 tsibirin ya koma hannun Sifaniya. Daga sunan Sifaniya ɗin ne mutanen Kalaba suka samo kalmar Panya, har yau kuwa tsofaffinsu haka suke kiran wurin.

Abin da ya sa Panya ta yi suna shi ne koko. Ƙasar tana da kyau, ruwan sama ya wadata, amma masu gonaki ba su da isassun ma'aikata, sai suka juyo Nijeriya. Tun kafin a yi wata yarjejeniya, masu kwalekwale ke satar hanya da dare suna tsallakar da mutane daga wajejen Kalaba da Oron, da daɗin baki irin wanda aka yi wa yaranmu. Kun ga ashe sana'ar dillalin nan tsohuwa ce, waya ce kawai sabuwa. A 1942 gwamnatin Ingila da ke mulkin Nijeriya ta ƙulla yarjejeniya da mahukuntan Sifaniya, aka buɗe ofishin ɗaukar leburori a Kalaba, mutum ya sa hannu a kwantiragi na shekara biyu, a sa shi jirgi. Yawancin leburorin Ibo ne da Ibibiyo da Efik. Mutanenmu kuma, kamar yadda suka saba, duk inda jama'a ta taru sai sun bi da hajarsu, saboda haka Hausawa ma suka kafa zama a can, har yau kuwa akwai su. Kafin a kai shekarun 1960, 'yan Nijeriya da ke tsibirin sun fi 'yan asalin wurin yawa, watau ƙabilar Bubi.

A ranar 12 ga Oktoba 1968 ƙasar ta sami mulkin kai, wani mai suna Francisco Macias Nguema ya zama shugaba. Abin da ya biyo baya, tarihi ya rubuta. Ya karkashe mutane masu yawa, wasu dubbai suka gudu. Da ya ga mutane na tserewa ta ruwa, sai ya hana su kamun kifi, ya sa aka lalata kwalekwale. Ku tsaya ku yi tunanin wannan. Mutum na tsaye bakin teku, ran da gari ya washe yana hango dutsen Kamaru da idonsa, amma ba abin hawa. Leburorin Nijeriya kuwa aka daina biyansu yadda ya kamata, ga duka, ga wulaƙanci. Ba su fita ba sai da gwamnatin Janar Murtala Muhammad ta tashi tsaye, a ƙarshen 1975 zuwa farkon 1976, ta aika jiragen ruwa da na sama aka kwaso dubban mutane. Da yawa sun sauka Kalaba da rigar jikinsu kaɗai. Bayan fitarsu noman koko ya faɗi warwas. Shi kuwa Macias, a watan Agusta 1979 ɗan'uwansa Teodoro Obiang Nguema ya hamɓarar da shi.

BAMBANCIN ZANGO DA TSIBIRI

Wani zai ce, to ai ku ma baƙi ne a Kalaba, me ya sa ku za ku je neman arziki ku hana na baya? Tambaya ce mai kyau, kuma ba mu zo hana kowa tafiya ba. Tafiya gadonmu ce. Kakanninmu da jakuna suka je Gwanja suka kawo goro, su suka kafa zango a Kumasi, da Sabo a Ibadan, da wurare da dama. Da sun zauna gida, da ba mu san ko'ina ba.

Amma akwai bambanci, shi ne kuwa muka zo mu faɗa. Mu mazauna zango kowane lokaci muna da hanyar ƙasa a bayanmu. Ran da gari ya ɓaci, Allah ya kiyaye, mutum yakan nemi motar shanu ko ta doya ya maƙale, in ta ƙi ya taka da ƙafa har ya fita. Duk wanda ya daɗe a kudu ya san wannan lissafi, ko bai faɗa ba yana cikin ransa. A tsibiri babu wannan. Hanyar fita biyu ce tak, tashar jirgin ruwa da filin jirgin sama, dukkansu kuwa a hannun hukuma suke. Shi ya sa mutanen 1975 suka zauna jiran gwamnati, alhali kuwa tsakaninsu da gida bai kai nisan Bauchi zuwa Kano ba. Shi ya sa kuma yaronmu ke kwance bayan shago yau.

Sa'an nan ku dubi inda muke zaune yanzu. Me ya sa ake cewa Ƙofar Wunti? Domin Bauchi gari ne mai ganuwa tun zamanin Malam Yakubu, a farkon ƙarni na 19. A birnin Hausa na da, baƙo ta ƙofa yake shiga da rana tsaka, mai tsaron ƙofa ya gan shi, a san fatake ne ko almajiri, a san gidan da zai sauka. Wanda kuwa aka kama ya hauro ganuwa da dare, ko da Alƙur'ani ya rantse cewa ciniki ya kawo shi, wa zai saurare shi? To teku ita ce ganuwar Malabo. Wanda ya sauka daga jirgin katako da tsakar dare, haurowa ya yi.

Daɗin daɗawa, mahukuntan can suna da dalilinsu na zargin duk wanda ya ɓullo ta ruwa. Tun da aka fara haƙar mai sosai a wajen 1996, ƙasar ta zama abin kwaɗayi. A watan Maris 2004 aka kama wani jirgin sama a Harare ta Zimbabuwe ɗauke da sojojin haya ƙarƙashin wani Baturen Ingila, Simon Mann, da nufin kifar da gwamnatin Obiang. Bayan wannan aka bi gari ana kamen baƙi, aka kori 'yan Afirka ta Yamma da yawa waɗanda ba su san hawa ba ba su san sauka ba. Har ila yau, a ranar 17 ga Fabrairu 2009 wasu 'yan bindiga suka zo cikin ƙananan jiragen ruwa masu gudu suka kai hari fadar shugaban ƙasa a Malabo. Gwamnati ta ɗora laifin kan tsagerun Neja Delta, aka kama 'yan Nijeriya, wasu suka ƙare a kurkuku. Yanzu ku auna: saurayi ɗan Nijeriya, ba fasfo, ba biza, ya fito daga ruwa da dare, ba ya jin Sifaniyanci balle ya yi bayani. Me kuke tsammani za a ɗauke shi?

Ba mu ma taɓo maganar ruwan kansa ba. A watan Maris 2013 wani jirgin katako ya tashi daga Oron zai tafi Gabon da mutum fiye da 100, ya kife a cikin teku, kaɗan ne suka tsira. Yaron da iyakar ruwan da ya sani shi ne dam ɗin Gubi, ina shi ina wannan teku?

KO MAI BABBAN JIRGI DOKA NA TARE SHI

Kada samari su ce ai talauci ne ya jawo, da ainihin jirgin da ke cikin hoton ne da an wuce lafiya. Bari mu ba ku misali daga nesa, daga inda irin waɗannan jirage suka fi yawa. Akwai wata ƙasar tsibiri da ake kira Kyuba, mil 90 kacal daga gaɓar Amurka. Bayan Fidel Castro ya karɓi mulki a 1959 sai suka ɓata da Amurka, a 1962 Shugaba Kennedy ya ƙaƙaba mata takunkumi, daga baya aka hana Amurkawa zuwa can yawon buɗe ido. Zamanin Shugaba Obama aka sassauta, har a watan Mayu 2016 wani jirgin shaƙatawa mai suna Adonia ya tashi daga Mayami ya shiga Habana da fasinja kimanin 700, karo na farko cikin shekaru masu yawa. Kamfanoni suka yi ta sayar da tikiti. Ana nan sai a watan Yuni 2019 gwamnatin Shugaba Trump ta soke izinin, dokar ta fara aiki washegari. Jiragen da ke kan hanya sai da suka juya akala zuwa wasu wurare, dubban mutanen da suka riga suka biya kuɗi ba su ga Kyuba ba.

Waɗannan fa masu kuɗi ne, da fasfo ɗinsu, da tikitin gaskiya, a cikin jirgin gaskiya. Abin lura a nan shi ne tikiti kujera kawai yake saya maka a cikin jirgi. Izinin shiga ƙasa a hannun gwamnatoci yake, taka da tasu, kuma suna iya canza magana cikin dare ɗaya. Duk wanda ya ce maka tikiti ya wadatar, ko dai bai sani ba, ko kuwa ya sani sarai yana son kuɗinka.

ABIN DA MAI NIYYA YA KAMATA YA SANI

Abin da ke ruɗar yaranmu shi ne sun saba ganin mutane na zuwa Kwatano, da Lome, da Akara, ba tare da biza ba. Wannan albarkacin yarjejeniyar ECOWAS ce ta 1979, wadda ta ba ɗan ƙasashen ƙungiyar damar shiga ya zauna har kwana 90. Ikwatoriyal Gini ba ta cikin ECOWAS, tana ɓangaren Afirka ta Tsakiya ne. Ko kuɗinsu, sunansa sefa, amma masu canji a cikinmu za su gaya muku takardarsa dabam take da sefar Kwatano ko ta Maraɗi. Kun ji a rediyo cewa Shugaba Tinubu ya je Malabo a watan Agusta 2024 an sa hannu kan maganar bututun gas. Wannan zumuncin manya ne, bai ɗauke wa ɗan Wunti neman izini ba.

Saboda haka wanda ke da niyya ta gaskiya, ya fara da fasfo nasa na kansa. Ya nemi biza ta hannun ofishin jakadancin ƙasar da ke Abuja, ya tambaye su da bakinsa abin da ake bukata a lokacin da zai tafi, don sharuɗɗa kan canza. Ya yi allurar shawara ya karɓi katinta. Ya san cewa bizar ziyara dabam, izinin zama da aiki dabam. Ya san sunan wanda zai sauka wurinsa, a kuma yi magana da mutumin tun daga nan. Ya riƙe kuɗin dawowa a gefe, kada ya taɓa su ko da yunwa. In ya isa ya kai kansa ofishin jakadancin Nijeriya da ke Malabo a san da zamansa. Ya kuma kama wayarsa, don ɗaukar hoton fada, ko barikin soja, ko tashar jirgi, yana iya jawo masa kwana a inda bai shirya ba. In ya ga duk wannan ya fi ƙarfinsa, to tafiyar ce ba ta yi ba tukuna, sai ya haƙura.

NAMU LAIFIN

Iyayenmu, ba za mu tashi ba sai mun faɗi namu laifin. Mu ne muke zuwa da Salla cikin shadda mai maiƙo, muna raba 'yan kuɗi, muna ba da labarin teku da manyan jirage. Ba mu taɓa gaya wa yaran nan shekara nawa muka yi muna kwana a baranda ba, ko sau nawa jari ya karye. Yaro ya ga riga, bai ga abin da aka sha kafin a ɗinka ta ba. Abin da ya fi wannan ciwo, da muka bincika sai muka tarar akwai waɗanda suka san dillalin nan a cikinmu, sun san sana'arsa, suka yi shiru don kada a ce sun shiga hanyar abincin wani. Wannan shiru shi ya kai ɗan mutane bayan shago.

Don haka ga abin da muka yanke a Bogobiri, muna kuma roƙon ku riƙe mu a kansa. Duk yaron da ya iso wurinmu da maganar tsallaka ruwa, maigidan da ya sauke shi zai kai shi gaban shugabanni, a ga takardunsa, a kira iyayensa a waya kafin ya ƙara taku ɗaya. Duk wanda aka samu yana haɗa yara da masu jirgin dare, za mu kai maganarsa ga hukuma, ko ɗan wane ne. Ku kuma nan gida, in yaro ya fara sayar da kayansa yana maganar Malabo ko Gabon, kada ku tsaya jin kunya, ku neme mu. Mun bar lambobinmu wurin mai unguwa. Matambayi ba ya ɓata.

Game da yaron da ke can, mun rubuta wa hukumomin da abin ya shafa, 'yan'uwanmu na Malabo kuma suna ta ƙoƙari a sama masa takardar da zai fito da ita ta ƙofa. Abin zai ci kuɗi, akwai tara, akwai kuɗin jirgi. Mutanen zango sun fara tarawa, tire kuma zai zagaya yanzu, kowa ya sa abin da ya sawwaƙa. Mahaifiyarsa na cikin gidan nan tana jinmu. Inna, ki yi haƙuri, ba za mu zauna ba sai ya dawo ya durƙusa gabanki.

In mun faɗi abin da ya ɓata wa wani rai, a gafarce mu. Allah ya tsare mana zuri'a, ya kai matafiya lafiya, ya dawo da su lafiya.